Na Cire Mai Daga Girkina Don Lafiyar Maigida, Yanzu Ya Koma Cin Waje

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, shekaruna 41. Mu biyu ne a wurin maigida, ni ce uwargida. Wata biyu da suka wuce ya je asibiti saboda yawan kasala, aka ɗebi jininsa da safe kafin ya karya, suga ya nuna 112. Likita ya ce bai kai ciwon suga ba amma yana bakin ƙofa, kuma kitsen jininsa ya hau. Shekarunsa 52, nauyinsa kilo 92, ga tumbi. Mahaifinsa ciwon suga ne ajalinsa bayan ɓarin jikinsa ya shanye, kuma ni da Hajiya muka yi jinyarsa, na san abin da idona ya gani. Tun ranar na ɗauke mai daga tukunyata gaba ɗaya: ba manja, ba man gyaɗa, ba man shanu, nama ma na daina sawa. Yanzu ranar girkina sai ya taɓa kaɗan ya ce ya ƙoshi, bayan isha'i ya wuce wurin mai shayi ko mai tsire. Ranar girkin amarya kuwa tas yake cinye kwano, don ita ba ta canza komai ba. Hajiya ta kira ni ta ce ina horar mata da ɗa da yunwa. Shi kuma ya ƙara kilo ɗaya. Anti, ni ce mai laifi? Wane mai ne ba ya cutarwa? Na ga wani a kanti an rubuta ba shi da kwalastaral, in saya?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda ya tsaya mini a rai shi ne wurin da kika ce ke kika yi jinyar surukinki. Wanda ya taɓa juya babban mutum a kan shimfiɗa, ya ba shi koko a cokali, ya ga bakin da ke ba da umarni a gida ya karkace, ba zai ji likita ya ce mijinsa na bakin ƙofar wannan ciwon ba ya iya rintsawa. Tsoro ne ya sa kika ɗauke mai, kuma tsoron na kan hanya. Ba ki da laifi a niyyarki. Amma tunda gaskiya kika zo nema, maganin da kika ɗauko ba na wannan cutar ba ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, shi ya sa sikeli ya nuna ƙari maimakon ragi.

Bari in fara da lambar nan ta 112. Idan aka auna mutum da safe bai ci komai ba, ƙasa da 100 shi ne lafiya. Daga 100 zuwa 125 shi ne bakin ƙofar da likita ya faɗa. Idan ya kai 126 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka sami haka, ciwon suga ya tabbata. Ma'anar inda maigidanki yake a yanzu ita ce jikinsa ya fara yi wa insulin taurin kai. Insulin shi ne sinadarin da ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan kitse ya taru a ciki, ya kewaye hanta da hanji, sai tsoka da hanta su daina amsa kiran insulin yadda ya kamata. Tumbin nan da muke ɗauka alamar hutu ne da wadata, a nan matsalar take kwana.

Kin yi daidai da kika haɗa zancen suga da na zuciya. Yawancin masu ciwon suga ta jijiyoyin jini ciwon ke kayar da su: bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki irin na surukinki, Allah Ya jiƙansa. Mai ciwon suga haɗarinsa na kamuwa da waɗannan ya kai ninki biyu na wanda ba shi da shi, kuma ɓarnar tana farawa tun kafin lamba ta kai 126. Jikin da ke yi wa insulin taurin kai yakan zo da abubuwa uku tare: kitsen jini da ake kira tiraigilisaraid ya hau, kwalastaral (shi ma wani nau'in kitse ne a jini) mai amfani da ake rubutawa HDL ya sauka, sannan mai cutarwar, LDL, ya zama ƙanana-ƙanana masu saurin maƙalewa a bangon jijiya. Ki duba takardar asibitinsa, za ki ga waɗannan haruffan.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali. A shekarar 2002 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka da aka yi a kan mutum 3,234 masu irin yanayin maigidanki. Wasu an ba su maganin suga mai suna metformin, wasu kuma aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da tafiyar ƙafa ko makamancinta ta minti 150 a mako. Cikin kusan shekara uku, masu shan magani haɗarinsu na kamuwa da ciwon suga ya ragu da kashi 31, waɗanda suka gyara ci da motsi kuwa ya ragu da kashi 58. Kashi 7 na kilo 92 bai kai kilo shida da rabi ba. Iyakar abin da ake nema ke nan a karon farko, kuma a hankali, cikin wata shida.

To mu zo kan mai, tunda shi ne ya raba ki da kwanciyar hankali.

Mutane da yawa suna ɗauka man da aka ci shi ne ke gangarawa cikin jijiya ya daskare ya toshe ta kamar magudanar ruwa. Ba haka abin yake ba. Jiki da kansa ne ke haɗa mafi yawan kwalastaral ɗin da ke cikinsa, hanta kuma ita ce ke kwashe LDL daga jini. Wani irin kitse yana sa hanta ta yi sanyin jiki wajen kwashewar, sai LDL ya daɗe yana yawo, yana shiga bangon jijiya shekara da shekaru har ya zama tudu. Ranar da tudun ya fashe sai jini ya dunƙule a wurin. In jijiyar zuciya ce, bugun zuciya ke nan. In ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar jiki. Wani irin mai kuma akasin haka yake yi, yana taimakon hanta ta rage LDL. Kin ga ba duk mai ne ɗaya ba, ke kuma kin haɗa mai laifi da mara laifi kin kore su tare.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su, hunturun Zariya ya riga ya koya miki ita. Ki tuna da safiyar sanyi a kicin. Man shanu ya yi tauri, kitsen da ke saman romon jiya ya zama fari, manja ya ƙi fitowa daga galan sai an kai shi rana ko kusa da murhu, haka alayyadi da man kwakwa. Waɗannan su ne masu yawan kitse mai daskarewa, wanda ke tayar da LDL. Man gyaɗa na ainihi kuwa, da man riɗi, da na waken soya, da na zaitun, suna nan ruwa abinsu. A man shanu kusan kashi 60 cikin ɗari na kitsen mai daskarewa ne, a manja kusan rabi, a alayyadi da man kwakwa ya haura kashi 80. A man gyaɗa bai kai kashi 20 ba, riɗi da zaitun da waken soya kuwa wajen kashi 15.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga babban mutum mai cin abinci daidai misali, wannan ya kama giram 22 ko kusa da haka. Babban cokali ɗaya na manja yana ɗauke da giram 7 daga ciki, na man shanu wajen 8, na man gyaɗa kuwa biyu da rabi. Cokali uku na manja kawai sun cinye rabon yini, tun ba a zo kan nama da madara ba. Ke da kanki kin san miyar da ake tsiyaya wa manja daga bakin galan har ya taso ya rufe samanta, cokali nawa ke shiga kwanon mutum ɗaya.

Sai wanda kika gani a kanti. Kada rubutun nan ya ɗauke miki hankali. Babu wani man tsiro a duniya da ke da kwalastaral, har manja da man kwakwa. Daga jikin dabba kaɗai ake samunsa. Rubuta haka a jikin galan kamar mai ruwa ne ya ce ruwansa ba ƙashi. Abin dubawa shi ne daga wane tsiro aka tatso man. Kuma a nan akwai abin da ke damuna ƙwarai: a kasuwanninmu duk wani farin mai sunansa man gyaɗa, alhali da yawa daga cikin wanda ake aunawa a kwalba daga manyan jarkoki manja ne da aka tace a masana'anta aka cire masa ja da ƙanshi. Shi ne za ki ga ya yi gajimare ko ya yi gudaji a gindin kwalba da sanyi. Kitsensa mai daskarewa ya haura kashi 40. Saboda haka ki nemi na wurin masu ƙuli-ƙuli da kika yarda da su, wanda ƙanshin gyaɗa ke tashi in an buɗe, ko na galan da aka rubuta gyaɗa ko waken soya zalla a jerin abin da ke ciki. Man zaitun yana da kyau, amma ban ga dalilin da za ki takura aljihun gida a kansa ba. Irin kitsen da ya fi yawa a cikinsa shi ne ya fi yawa a man gyaɗa.

Akwai wani bincike da aka yi a Sifaniya a kan mutum 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya, kusan rabinsu masu ciwon suga. Wasu an ce su rage mai a abinci gaba ɗaya, wasu kuma aka ba su man zaitun ko giram 30 na 'ya'yan itace masu mai irin su almon kullum, tare da yawan wake, kifi da ganye. Waɗanda aka ƙara wa mai mai kyau su ne bugun zuciya da shanyewar jiki suka ragu a cikinsu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ba da gyaɗarmu aka yi binciken ba, amma ya isa ya nuna miki cewa tukunyar da ba mai ba ita ce tukunyar lafiya ba.

Kuma ki duba abin da ya faru da kika ɗauke man. Gurbin da ya bari, farar shinkafa ce da tuwo suka cike shi. Mai da nama da wake suna jinkirta narkewar abinci, su riƙe ciki. Farar shinkafa tsurarta kuwa nan da nan take zama suga a jini, bayan awa biyu yunwa ta dawo. Ragowar sugan da jiki bai ƙona ba hanta ke juya shi ya zama tiraigilisaraid. Wato mutum na iya tara kitse a jini bai ci mai ko ɗigo ba. Ga kuma bitamin A, D, E da K, waɗanda jiki ba ya iya tsotsa sai da ɗan maiƙo. Zogale da alayyahon da kika dafa lami, wani ɓangare na amfaninsu wucewa yake yi. Yunwar nan ce ke kai maigida teburin mai shayi ƙarfe goma na dare: shayi da sukari cokali uku ko huɗu da madara, burodi an shafe shi da bota, ƙwai an soya cikin mai, wataƙila da indomi, wadda tun a masana'anta soya ta ake yi kafin a ƙulle ta a leda. Daga nan sai kwanciya. Kilo ɗayan da ya ƙaru ga inda ya fito.

Akwai kitse na uku da ba na yi masa sassauci ko kaɗan. Shi ne man ruwa da ake daskararwa a masana'anta don ya daɗe bai lalace ba, ana kiransa kitsen tirans. Yana tayar da LDL kuma ya saukar da HDL a lokaci guda. Ana samunsa a wasu nau'o'in bota ta gwangwani da ta buhu da masu gashin burodi ke amfani da ita, da biskit, kek, da makamantansu. Denmark ce ta fara taƙaita shi a 2003, kuma a nan gida dokar NAFDAC ta 2022 ta ce kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Dokar ta yi kyau, amma kayan da ake aunawa ba takarda ba wanda zai ce miki ga abin da ke ciki. Kusa da shi a illa akwai man suya da ake maimaitawa: kaskon ƙosai, awara, fanke ko doya da man ya yi baƙi yana kumfa, kullum sai dai a ƙara sabo a kan tsoho. Zafi bayan zafi yana lalata ko mai mafi kyau. A gida, in kin yi suya sau ɗaya ko biyu, man ya canza launi ko ya yi kauri, ki rabu da shi. Manja ma in za ki sa, kada ki bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya yi fari. Jan nan nasa shi ne tushen bitamin A da yaranki ke buƙata, ƙona shi asara ce biyu.

Abin da nake so ki yi shi ne ki mayar da mai tukunya, amma ki sauya iri kuma ki auna. Ko man gyaɗa na ainihi, cokali ɗaya kalori 120 ne a ma'aunin ƙarfin abinci, mutumin da ake so ya rage kilo shida ba za a tsiyaya masa da ka ba. Ki lissafa babban cokali biyu ga kowane babba a yini, duka girke-girken ranar. Kwalbar da ake aunawa da ita a kasuwa tana cin cokali wajen 50, don haka za ki iya ƙirga kwana nawa ya kamata ta yi muku. Ki ajiye cokali a gefen kwalbar ya zama ta cikinsa mai ke shiga tukunya. Manja ya koma na launi da ƙanshi, cokali ɗaya ko biyu a tukunyar gida duka, a cika da man gyaɗa. Man shanu kuwa ban ce a kore shi ba. Na san abin da ƙanshinsa yake a kan tuwo da miyar kuka, kuma mutumin da ya tashi da shi tun yarinta ba zai saki cikin dare ɗaya ba. Ƙaramin cokalin shayi a kwanonsa, sau ɗaya ko biyu a mako, an soya shi da albasa don ƙanshin ya yi nisa.

Abincinmu na gado ya riga ya tanadi hanyar daɗi ba tare da mai ya yi iyo ba. Miyar taushe da kabewa da niƙaƙƙiyar gyaɗa, miyar riɗi, miyar agushi da ganye mai yawa, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, faten wake da alayyaho, dambu da zogale. Maiƙon da ke cikin waɗannan daga gyaɗa da riɗi yake, irin wanda zuciya ke so. Kuɓewa da wake suna da wani zare mai yauƙi da ke kama wani ɓangare na kwalastaral a hanji ya fita da shi, kuma yana hana suga tashi farat ɗaya. Ɗanɗano kuma ki neme shi a daddawa, albasa, citta, tafarnuwa, masoro da busasshen kifi. Ki yi hattara kada ki cike gurbin mai da dunƙulen ɗanɗano, don kusan rabinsa gishiri ne, gishirin da ake so babba ya ci a yini kuwa bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya. Hawan jini abokin tafiyar suga ne. Gyaɗar da za ki saya ki tsince wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci ki zubar, gubarta hanta take taɓawa. In yunwa ta taso masa da la'asar, gasasshiyar gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya ta fi biskit da lemon kwalba nesa ba kusa ba.

Nama ki dawo da shi. Tsoka, a yanke farin kitsen kafin a ɗora; kaza a cire fata; romo in ya huce a kwashe abin da ya daskare a sama. Tozo, kitse da kayan ciki su zama na jefi-jefi. Kifi sau biyu a mako, musamman titus, shawa da sadin, masu man omega-3 da ke rage tiraigilisaraid, a gasa ko a sa a miya maimakon a nutsar da shi a kasko. Malmalar tuwo ta ragu, miya da ganye su ƙaru. Dawa, gero da acca su riƙa karɓar masara da farar shinkafa. In shinkafar ce a haɗa ta da wake rabi da rabi. Fura da nono ba laifi in ba a zuba sukari ba kuma ba a cika kwano ba.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne ainihin wasiƙarki, don kin tambaye ni mai amma abin da ke miki ciwo mutane ne.

Kin yanke hukunci ke kaɗai a kan cikin mutum ɗan shekara 52, ba ki tambaye shi ba. Na san don kina son sa ne. Amma shi abin da ya gani shi ne an mayar da shi majinyaci a gidansa tun bai kwanta ba, kuma ki sani shi ma ya ga mahaifinsa a kan shimfiɗar nan. Maza da yawa tsoronsu ba ya fitowa ta baki, sai ta hanyar yin kamar ba abin da ya faru. Ki zaɓi lokacin da ba abinci a gabanku, ki ce masa: "Alhaji, na yi kuskure da na canza girki ban shawarce ka ba. Tsoro ne ya kama ni saboda abin da muka gani wurin Baba. Na yi tambaya an ce ba hana mai ake yi ba, sauya shi ake yi. Ka gaya mini abincin da ba za ka iya bari ba, mu ga yadda za a yi." Kada ki hana shi tsire. Ki roƙe shi sau ɗaya a mako, tsoka zalla, kada a yarfa masa mai a kai, ya kawo gida a yanka albasa da tumatir da kabeji a ci tare. Shayi kuma ki riƙa haɗa masa a gida da kayan ƙanshi, ana rage sukarin kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. In mai son hujja ne daga addini, ya san hadisin da ya raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Amarya kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jikin maigida bai san ranar girki ba. Abin da ya ci Litinin da wanda ya ci Laraba jini ɗaya suke shiga. Muddin tukunya biyu suna ja-in-ja, ke ce za ki riƙa faɗuwa, shi ma yana faɗuwa. Amma in kika je mata da sigar uwargida mai ba da umarni, za ta ji kamar kina cewa girkinta ne ke kashe shi, kuma ba macen da za ta karɓi wannan. Wataƙila ma ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayanin abin da likita ya faɗa. Ita ba ta ga jinyar Baba ba. Ki sa maigida da kansa ya ɗauke ku ku biyu ranar komawa asibiti, ku ji daga bakin likita tare, ku nemi a haɗa ku da masu ba da shawarar abinci, irin waɗanda ake samu a manyan asibitoci kamar na koyarwa da ke Shika. Tunda shi ke cefane, mai iri ɗaya ya riƙa shigowa gidan, gwargwado ɗaya ga kowane ɗaki. Ta haka ba wadda za a ce ta fi wata iya tattalin miji. In ta fi ki iya wata miya, ki tambaye ta. Ba abin da zai rage miki.

Hajiya kuwa kada ki riƙe ta a zuci. Ta binne miji, yanzu tana ganin ɗanta na tashi daga kan kwano da yunwa. A idon uwa ƙibar ɗa shaida ce ta ana kula da shi. Ki je har ɗakinta ki durƙusa ki ce: "Hajiya, ki yafe mini, na yi gaggawa. Likita ya ce ciwon Baba ne ke neman sa, amma an gano da wuri, ana iya tare shi. Ki koya mini irin abincin da kuke yi a da." Ba daɗin baki ba ne wannan. Tuwon dawa, dambun gero, fate, miyar ganye da daddawa ba dunƙule, su ne kusan abin da ake nema. Mutanen zamaninta sun ci man shanu, amma ɗan kaɗan ne a kan hatsin da ba a cire masa komai ba, kuma da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa. Ranar da Hajiya ta ce wa ɗanta ya rage shayin dare, maganarta ɗaya ta fi taki goma.

Motsi ba ya buƙatar kuɗi. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 ɗin. Ya ajiye mota ko babur ya taka zuwa masallacin da ya fi nisa, ya ɗan zaga bayan cin abincin dare. Ki sa tef ɗin tela ki auna ƙugunsa daidai cibiya. Ana so ya zama ƙasa da rabin tsawonsa, kuma sau da yawa tef kan nuna ci gaba kafin sikeli.

Bayan wata uku ya koma a sake auna suga, kitsen jini da hawan jini. Ya nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku; daga 5.7 zuwa 6.4 shi ne bakin ƙofa. In jininsa AS ne ko yana da ƙarancin jini ya gaya wa likita, don hakan na iya karkatar da sakamakon. Idan likita ya ga ya dace ya rubuta masa maganin rage kwalastaral ko metformin, ya sha, ba gazawar girkinki ba ce. Mai tarihi irin na gidansu wani lokaci abinci kaɗai ba ya isa. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da sunan wanke kitse ko kashe suga kuwa ku bar su, ƙoda da hanta ne ke biyan kuɗinsu. Kuma kowa a gidan, har manyan yara, ya san wannan: in ya ji nauyi ko matsi a ƙirji da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, da gumi da ƙarancin numfashi, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, asibiti za a nufa a take, addu'a a yi ta a cikin mota.

Ke ma shekarunki 41, a gwada ki ranar, musamman in kin taɓa haihuwar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, ko suga ya taɓa hau miki da ciki.

Ranar girkinki mai zuwa ki yi tuwon dawa da miyar taushe, gyaɗa ta ji, da kifi ko tsokar nama, ki soya albasa a cokali biyu na man gyaɗa na ainihi har ƙanshi ya kai zaure. Ki sa masa ɗan man shanun nan a kai a wannan karon. Kada ki ce masa abincin masu suga ne, kada ki tsaya a kansa kina ƙirga loma. Ki zauna ku ci tare. In an yi gwajin wata uku ki rubuto mini da lambobin, tsofaffi da sababbi, ki kuma gaya mini yadda kuka ƙare da amarya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya jiƙan Baba.